Shekarar da Ba a Yi wa Zaurenmu Yaɓe Ba

Har gobe idan wani ya ce da ni, "Ashe ka taɓa zuwa Italiya, ba mu labari mana," sai in nemi hanyar zillewa. Nakan ce garin da kyau, taliyarsu dai ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba, in yi maza in ɗauko wata hirar. Mutane suna ɗauka kawaici ne. Ba kawaici ba ne, haushi ne. Rabin haushin na kaina ne, sauran rabin kuwa na raba wa mutum uku, kuma yau sai na faɗi kowa da kasonsa.

Mu mutanen wani ƙauye ne a Gwangwan, cikin ƙasar Rogo. Gidanmu ya taɓa riƙe sarautar mai unguwa. Rawanin ya daɗe da komawa wani gida, amma zauren bai bi shi ba, kuma da shi muke tinƙaho. Zauren ƙasa ne tun na zamanin kakan mahaifina. Daga waje ba za ka ce komai ba, jan gini ne mai kaurin bango da zankaye a kusurwoyinsa. Sai ka shiga ka ɗaga kai. Bakan gizo huɗu ne suka taso daga bango, biyu ta nan biyu ta can, suka lanƙwasa suka ratsa juna a sama, ba ginshiƙi ko ɗaya a tsakiya da ke tallafe da su. Da tsakar ranar bazara, lokacin da ƙadangare ma ke neman inuwa, in ka kishingiɗa a dakalin ciki sai barci ya sace ka. A nan aka sha raba gardamar iyakar gona, a nan aka ɗaura auren iyayenmu, a nan aka yi zaman makokin mahaifina.

Akwai abin da duk ɗan gidan ya sani tun kafin ya san dama da hagu: rufin ƙasa ba ya cin damina biyu da yaɓe ɗaya. Baffa, ƙanin mahaifina, shi ne babban gidan tun rasuwar mahaifinmu, kuma magini ne. Duk shekara idan bazara ta yi nisa zai sa a ɗebo jar ƙasa daga kududdufin bayan gari, a zuba ruwa, a barbaɗa yankakkiyar ciyawa da kashin jaki, a tattake da ƙafa har ta yi danƙo, a lulluɓe ta a bar ta ta ruɓa. In ta kwana bakwai sai a kira gayya. Dangin Inna, mahaifiyata, sukan zo tun daga Yammedi, mata su ɗora tukunyar dambu, matasa su yi layi suna cilla curin ƙasa sama ana cafewa. Baffa ne ke fara hawa, shi kaɗai. Yakan zagaya rufin ba takalmi, a hankali, yana jin inda ya yi laushi da tafin ƙafarsa. Ya share indararo don ruwa ya sami hanyar sauka, ya toshe duk wata tsaga, sannan ya ba da izini a shafe ciki da waje. Tun ina ɗan shekara shida nake shiga kwaɓin nan. Ba wanda zai ce ban sani ba, ni ma ba zan ce ba.

Na shiga jami'a na karanci zanen gine-gine. A ƙauye ba wanda ya damu da bambanci, tun ina aji ɗaya suka laƙaba mini Injiniya. A shekarar ƙarshe aka zaɓe mu, mu kaɗan, aka ce za mu tafi wata guda wani tsohon birni a Italiya, Siyena, mu koyo yadda ake adana tsoffin gine-gine. Tafiyar ta faɗo daidai ƙarshen bazara. Da na je sallama, Baffa ya ce, "To, bana ba da kai za a taka ƙasa ba ke nan." Na ce, "Sai dai baɗi, Baffa, in Allah ya kai mu." Ya sa mini albarka, ya ce in kula da salla.

Ba zan yi ƙarya ba, garin ya tafi da ni. A kan tudu yake, lunguna a matse suna hawa suna sauka, gidajen jan bulo masu hawa huɗu da biyar, kowanne ya girmi duk wani abu da na taɓa dafawa da hannuna. A tsakiyar gari akwai wani fili mai gangare kamar tsagin ƙwarya, da doguwar hasumiya a gefensa. Mutane suna zaune cikin gidajen da aka gina shekaru ɗaruruwa, suna shanya wanki ta taga, ba wanda ya ce a rushe a yi na zamani. Burodinsu ba gishiri, ga tauri, in ka jefi kare da shi sai ya yi ƙara, amma ban damu ba. Ina yawo da littafin zane, baki buɗe, ɗan ƙauye ya shigo birni.

Malamar da aka danƙa mu a hannunta wata tsohuwa ce siririya mai furfura, tabarau rataye a wuya. A rana ta uku ta kai mu wani babban ɗaki da aka yi wa bangonsa zanen hotuna tun zamanin da. Na gaji da tsayuwa, na dafa bango, yadda duk ɗan Adam ke dafa bango. Matar nan ta daka mini tsawa a gaban kowa, ta ce gumin tafin hannu yana cin zane. Sannan ta ja mu wata kusurwa, ta nuna mana inda wasu mutanen da suka ga zane ya fara dushewa suka ɗauko shafe suka rufe da sunan gyara. Ta ce shekara da shekaru ta yi tana kankare wannan gyaran da wata 'yar wuƙa da ba ta kai askar wanzami ba. Ta ce babban maƙiyin tsohon gini ba ruwa ba ne, ba iska ba ce, mutumin kirki ne da ya zo da bokiti da kyakkyawar niyya. Na rubuta maganar a littafina, har na ja mata layi biyu.

Don in wanke kaina daga tsawar nan, bayan kwana biyu na nuna mata hoton zaurenmu a waya. Ta sa tabarau, ta yi ta jan hoton da yatsu tana ƙara masa girma, har ta kira sauran malamai. Ta tambaye ni shekarunsa, na ƙara hamsin a kan abin da na sani. Ta ce yaya ake kula da shi. Na ce duk shekara muna shafe shi da sabuwar ƙasa ciki da waje. Ta dafe kai. Ta ce to wa ya san abin da ke ƙarƙashi? Ƙila magini na farko ya yi ado a jikin bakan nan, mun binne shi da hannunmu, shafe a kan shafe. Ta ce kada in bari a sake taɓa shi sai an auna, an ɗauki hoto, an gwada kankarewa a gani. In na aiko mata da awo kuma, za ta nuna wa waɗanda ya kamata su gani.

Wannan shi ne kasonta. Mace ce mai ilimi, ta san dutse da bulo kamar yunwar cikinta. Amma ba ta taɓa tsayawa ƙarƙashin ruwan Rogo ba, ba ta tambaye ni yaushe damina ke sauka ba, ba ta ce, "Ni ban san ginin ƙasa ba." Da ta faɗi wannan kaɗai da kowa ya huta. Ta yi magana kan abin da ba ta sani ba da irin muryar da take magana kan abin da ta sani. Ni kuwa da na sani, sai na zubar da nawa na ɗauki nata. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, nawa kuma kwanansa biyar.

A ranar na tsaya a bakin wani lungu na ɗauki saƙon murya na minti huɗu na aika wa Yayana. Yaya ma'aikaci ne a Karaye, yakan zo gida duk Juma'a. Na ce a dakatar da yaɓen bana. Na ce kada a hau rufin, ko tsinke kada a cire sai na dawo na auna. Na ce Turawa sun ga zauren sun jinjina, ƙila ma su zo. Har Turanci na yi ta sakawa a ciki, don a san ba daga Gwangwan nake magana ba.

Shi kaɗai na aika wa, ina nufin ya sami Baffa a gefe ya lallaɓa shi. Yaya bai yi haka ba. Ya jira aka sauko daga masallacin Juma'a, zaure ya cika da dattawa da maƙwabta, ya ƙure muryar waya ya kunna. Da saƙon ya ƙare ya sake kunnawa saboda waɗanda suka shigo a makare. Sannan ya kira ni, ya ajiye wayar a tsakiyar tabarma. Kasonsa ke nan: yana da ƙane a Turai, dole gari ya ji.

Ina jin tari da gyaran murya, na san zaure cike yake. Aka gaisa, aka tambaye ni sanyi, aka tambaye ni mutanen can, na amsa ɗaya bayan ɗaya. Sannan Baffa ya matso kusa da wayar.

"Injiniya, mun ji saƙonka," in ji shi. "Sai dai ƙasa tana kwaɓe, yau kwananta shida. An gaya wa mutanen Yammedi jibi. Gabas kuma ta fara haɗa hadari. A yi ko a bari?"

Ban taɓa jin Baffa ya nemi shawarar kowa a kan ƙasa ba. Da ina da hankali da wannan kaɗai ya ishe ni. Amma ga ni tsaye a ƙasar Turawa, dattawan garinmu sun yi tsit suna jiran bakina, kaina ya kumbura.

"A bari, Baffa," na ce. "Sati uku ne kawai. Ai a nan mun gano wannan shafen da ake yi duk shekara ba gyara ba ne, ɓarna ce. Tarihi ake binnewa."

Na ji wani ya ce, "Ikon Allah." Baffa ya ce, "To." Can ya ƙara da, "Allah ya dawo da kai lafiya." Na kashe waya ina jin kaina wani babba, na je na sayi askirim.

Bayan kwana huɗu Inna ta kira ni. Da muka gama gaisawa ta ce Baffa ya sa an kwashe ƙasar an ba maƙwabcinmu ya yaɓe rumbunsa da ita. Ta ce an aika Yammedi an ce kada su zo. Sannan ta ce, "Jiya an yi ruwa, har an fara shuka." Na ce, "Alhamdu lillahi, Allah ya sa mai albarka ne." Ta ce amin. Inna ba ta shiga maganar maza. Iyakar abin da za ta iya ke nan, kuma ta yi, don haka ita ba ta da kaso.

Ga wurin da ba na yafe wa kaina. Saura kwana goma mu dawo aka yi ruwa a Siyena, ina zaune ƙarƙashin wata rumfa a bakin filin nan mai gangare. Na ga ruwa yana gudu a kan jan bulo, yana taruwa a ƙasan filin, yana shigewa wata magudana da aka yi masa tun fil azal. Bulo bai ji komai ba. Nan take indararonmu na gabas ya faɗo mini a rai, wanda tsuntsaye ke cusa wa ciyawa duk rani. Na ciro waya, na nemo lambar Yaya, na tsaya ina kallonta. Abin da zan ce gajere ne: ku hau ku yi. Amma sai na hango zauren cike da mutanen da suka ji na ce ɓarna ce, na ji yadda za a yi ta maimaitawa a majalisa cewa Injiniya ya lashe amansa. Na mayar da waya aljihu. Na ce kwana goma ne, Allah zai tsare. Aikin da tsani da tsintsiya za su yi, shi na jingina wa Allah.

Daga nan duk kiran da na yi gida amsa ɗaya ce. Lafiya lau. Ya ruwa? Ruwa ya yi gyara. Ya Baffa? Yana gaishe ka. A wurinmu ba a aika wa matafiyi mugun labari, sai ya sauka ya sha ruwa. Na san al'adar nan sarai, da ni aka sha ɓoye wa wasu rasuwa ma, amma ban kawo cewa yanzu ni ake yi wa ba. Na sayi dogon tef ɗin awo, na sayi 'yar wuƙar kankara irin ta Malama, na saya wa Baffa agogo.

Yaya ne ya tare ni a tashar Karaye da babur ɗinsa. Hanya duk ta yi kore, gero ya kai taƙi, gyaɗa ta buɗe ganye. Mutumin da ba ya gajiya da tambayar Turai a waya, sai hirar taki yake yi mini har muka shiga gari. Da muka karyo kwanar gidanmu, na ga sama a inda ban saba ganin sama ba.

Bango uku suna tsaye, na gabas ya zube rabi. Rufin gaba ɗaya yana ciki, tulin jar laka, azara sun yi cirko-cirko a jikinta. An kafa zana an fitar da wata 'yar ƙofa a gefe don mata su sami sutura. Yaya ya kashe babur ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Yau kwana shida. Da hantsi ne, kowa yana gona. Allah ya kiyaye, ba wanda ya ji ciwo." Ya ce ruwa uku aka yi masu ƙarfi a jere, indararon gabas ya toshe, ruwa ya kwanta a rufi ya bi tsaga ya shiga. Na ƙirga a zuci. Kwana huɗu ke nan bayan na mayar da waya aljihu.

Ko Inna ban shiga na gaisar ba. Na haye tulin da takalmina na Turai. Wani ɓangare na bakan ya faɗo bai farfashe ba, ya dai karye a tsakiya, ana ganin cikinsa. Na durƙusa na duba, domin har a lokacin wauta ba ta gama sakina ba, ina neman adon da aka ce mun binne. Babu ado. Yaɓe ne a kan yaɓe, siriri a kan siriri, sun fi a ƙirga. Na ɓamɓare ɗaya da farce, ƙarƙashinsa sawun yatsu huɗu ne a jere inda wani ya ja hannu. Na ɓamɓare na ƙasansa, nan ma sawun yatsu ne. Har na kai azara ban ga komai ba sai hannuwan mutanen gidanmu.

Baffa yana ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida, a kan buzu, yana sa wa fartanya ƙota. Na nufe shi a tsaye, ban cire takalmi ba, ban durƙusa ba. Ban taɓa yin haka ba a rayuwata.

"Baffa, ka san zai faɗi."

Bai ɗago ba. "Sannu da zuwa, Injiniya. An zo lafiya? Ya hanya? Ya ka baro mutanen can?"

Dole na tsuguna na amsa, ɗaya bayan ɗaya. Sai da ya ƙare gaisuwar tsaf, har da tambayar jirgi, sannan ya ce, "Na sani."

"To me ya hana ka hawa? Ko indararon ne ba sai ka share ba?"

"An ce ko tsinke kada a cire."

"Maganata ce fa, Baffa. Ni ɗanka ne. Yaushe ka fara bin maganar yaro a kan ƙasa?"

Ya ajiye fartanyar. "Da tsakanina da kai ka faɗa mini, da na ce maka to, in wayi gari in hau in yi abina, ka dawo ka yi fushinka ka huce. A gaban mutane ka faɗa. Shekara arba'in ina hawa rufin nan, ka ce ɓarna nake yi, waɗanda suka taya ni suna zaune suna ji. Na tambaye ka sau ɗaya, ka ba ni amsa. Ni ba na tambaya sau biyu."

"Sai ka bari ya faɗi don a san ka fi ni gaskiya?"

Ya dube ni. Idonsa ya yi ja, ban sani ba ko fushi ne ko wani abu. Ya ɗauki fartanyarsa ya ci gaba da aiki.

Wannan shi ne kason Baffa, kuma ko da na girma na ƙara hankali ban janye shi ba. Na yi masa rashin kunya, na yarda. Da ya mare ni a gaban mutanen nan da na cancanta. Amma zauren bai zage shi ba. Tsani yana jingine a bayan gida, kullum yana kallon hadari yana haɗuwa, ya fi kowa sanin abin da ke tafe, ya zauna ya naɗe hannu. Inna ta gaya mini daga baya cewa tun ruwa na biyu ya hana kowa zama a ciki, ya kwashe tabarmi da buzaye da kansa. Har lokacin faɗuwar ya sani ke nan. Ni na kasa janye magana don kada a yi mini dariya, shi ya ƙi hawa tsani don kada a ce tsoho yana ja da yaro. Jininmu ɗaya, taurin kanmu ɗaya, zauren ne ya shiga tsakani.

Kwana uku ana zuwa yi mini sannu da dawowa a ƙarƙashin darbejiya, tun da babu inda za a zauna. Kowa ya ce barka da sauka, sai ya waiwaya ya dubi tulin ya ce Allah ya mayar da alheri. Wani tsoho, abokin wasan gidanmu, ya ce, "Injiniya, yanzu ai awon zai yi maka sauƙi, ba sai ka hau tsani ba." Aka yi dariya. Ni ma na yi, don in ban yi ba kuka zan yi. Ba wanda ya tambaye ni labarin Italiya. Agogon kuwa Inna na ba ta kai wa Baffa, ban taɓa ganinsa a hannunsa ba.

Na koma makaranta na rubuta aikina na ƙarshe a kan zauren, daga hotuna shida da ke wayata da abin da na iya tunawa. Na zana bakan da kyau, har inuwa na yi masa. Malamai suka yaba, ɗaya ma ya ce irin wannan gado ne ya kamata a adana. Na ce haka ne. Malamar Siyena ta rubuto sau biyu tana tambayar awo. Na fara amsa ya fi sau goma, kowacce sai ta koma zagi, in goge. Har yau ban aika ba.

Da kaka ta yi aka kai amfani gida, Yaya ya fito da maganar da ashe ya daɗe da ita a ciki: a kwashe tulin, a yi zauren bulo da kwano, mai taga da ƙofar ƙarfe, irin wanda ya dace da gidan da ya fitar da ma'aikaci da Injiniya. Na ce sai dai bayan raina. Muka yi cacar baki har Inna ta leƙo. Ya ce to in je in shawo kan Baffa, in ya yarda a mayar da na ƙasa, shi ba ruwansa.

Na sami Baffa da safe a bakin rumbu yana ɗaure dammunan dawa. Wannan karon tun daga nesa na cire takalmi, na durƙusa, na yi gaisuwa har ta ƙare. Na ba shi haƙuri, ba kwana-kwana. Na ce ranar Juma'a zan maimaita a gaban mutanen da suka ji ta farko. Ya ce ya wuce, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Sai na faɗi abin da ya kawo ni. Na ce rani ya shigo, ƙasa tana nan a kududdufi. Ni zan nemo azara, ni zan je Yammedi da ƙafata in kira gayya, ni zan taka ƙasa daga farko har ƙarshe. Shi dai ya tsaya a kai, ya mayar mana da bakan yadda yake.

Ya saki igiyar da ke hannunsa, ya zauna a kan dami.

"Wa ya gaya maka na iya?" in ji shi.

Na ɗauka gatse ne. Na ce, "Haba Baffa, duk ƙasar nan wa ya kai ka?"

"Ɗaki nake ginawa, ɗana, da katanga da rumbu. Wancan bakan ban iya ba. Ubana bai iya ba, kakana ma da aka yi a gabansa bai iya ba. Magini aka ɗauko daga birni, ya yi wata uku ya gama, ya koma da hannunsa. Tun cikin damina nake cigiya, duk inda na san mutane na aika, ban sami wanda zai ce mini ya iya ba. Mu riƙo aka ba mu. Shi kaɗai muka iya, shi muke yi."

Bai faɗa da ɗaci ba, da ya yi da ɗaci da ya fi mini sauƙi. Sannan ya ce, "Kai da ka je makarantar abin, in ka iya, ga ƙasa can. Ni zan taka maka."

Na iya zana bakan nan ta gaba, da ta gefe, da ta sama, ido rufe. Amma ban san inda ake kafa azara ta farko ba, ban san yadda ake ɗaure ta biyu a kanta ba. Baffa bai jira amsata ba. Ya miƙe ya ci gaba da ɗaurin dami.

Ranar Asabar motar bulo ta iso. Da ni aka sauke.